Igiyar Murafan Baba

Litinin, 1 ga Satumba

Injiniya, abokiyar sana'ata, ta samu aiki. Ta faɗa min da safe tana goge gilashinta, ba ta ko kalle ni ba. Wani babban kamfani ne, albashi mai kauri, sun ba ta zuwa talatin ga wata ta ba su amsa. Na ce madalla, na taya ta murna, na shiga banɗaki na tsaya ina kallon famfo.

Ba laifinta ba ne. Wata takwas ke nan da muka buɗe shafin nan namu na intanet. Ita ta gina shi da hannunta, ni kuma na bi sito-sito ina roƙon masu kwalabe da robobi da murafai su ɗora kayansu. Yanzu masu kaya sun haura ɗari. Masu saye kuwa, yawanci matan da ke haɗa sabulun ruwa da man shafawa da turare a gida, sun kusa ɗari shida. Kowa sai yabo. Amma ko sisi bai taɓa shigo mana ba, kuma ajiyata da tata duk sun kusa ƙarewa.

Ta ce, "Ba guduwa nake so in yi ba, ƙawata. Ki nuna min ta inda abin nan zai ciyar da mu kafin talatin, in zauna." Idan ta tafi shafin ya mutu. Ni ko kalar rubutu ban iya canzawa ba.

Mun rubuta hanya uku a allon bango: kaso a kan kowane ciniki, ko kuɗin wata daga masu kaya, ko kuɗin talla ga mai son kayansa su fito a sama. Ni abin da ya ɗaure min kai daban ne. Mutanen nan da ke shiga shafin kullum, me suke samu a ciki wanda za su ji zafi idan sun rasa? Wata takwas, ban taɓa tambayar kaina ba.

Laraba, 3 ga Satumba

Mun fara da kaso. Injiniya ta buɗe min lissafin shafin, sai ga abin mamaki: ana kallon kaya sau dubbai, amma cinikin da ake ƙarasawa a ciki bai kai ashirin a wata ba. To ina sauran suke zuwa? Mun hana rubuta lambar waya, shafin yana goge ta da kansa.

Na zauna na bi hotunan kaya ɗaya bayan ɗaya. Tabɗijam! Wani ya rubuta lambarsa da alli a bangon da ke bayan kwalayen. Wata ta manna a jikin sikeli. Wani ya tsaya riƙe da jarka, lambar na jikin rigarsa. Amma gwanin duka shi ne Alhajin Robobi: ya jera murafai goma sha ɗaya a kan tebur kamar mai nuna kala-kala, kowane murfi da lamba ɗaya a kansa. Na yi dariya har Injiniya ta ce ko lafiya.

Ya kamata in ji haushi, sai na ji suna burge ni. Sun haɗu a wurinmu sau ɗaya, sun koma waya, shi ke nan. Kaso a kan cinikin da ba mu gani ba, ta ina?

Alhamis, 4 ga Satumba

Wayar ofis ta yi ƙara sau talatin da ɗaya yau. Na ƙirga don haushi.

Asabar, 6 ga Satumba

Na je gida. Baba na kan kujerarsa ta tsakar gida, kumburin ƙafarsa ya ɗan sace. Ya ce, "Uwata, kasuwar taki tana ci kuwa?" Na ce alhamdulillahi. Ya ce to madalla, ya ci gaba da sauraron rediyonsa.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana dillancin kwalabe da robobi kafin gwiwa ta zaunar da shi. Da kuɗin la'ada ya biya min makaranta, amma a makarantar idan aka tambayi sana'ar mahaifi sai in ce ɗan kasuwa ne. Ranar da na nuna masa shafin, ya sa tabarau ya karanta layin da ke sama: "Daga mai kaya zuwa mai saye, babu dillali." Ya karanta sau biyu. Ya ce, "Allah ya sa albarka." Ya cire tabarau ya ajiye. Ni na rubuta layin, kuma a lokacin ji nake na yi fasaha.

Igiyarsa na nan rataye a ƙusa bayan ƙofa, murafai sun fi sittin a jere, kowanne an huda shi. Muna yara da ita muke wasan 'yar kanti. Yau ne karo na farko da na tsaya ina tunani: me ya sa babban mutum zai yi yawo da wannan a aljihu shekara talatin?

Talata, 9 ga Satumba

Hanya ta biyu, kuɗin wata. Na je siton Alhajin Robobi in ji ta bakinsa, tunda shi ya fi kowa kaya a shafin. Na yi masa tsiyar murafai goma sha ɗaya, ya yi dariya har hularsa ta karkace, ko kunya babu.

Da na kawo maganar kuɗi sai ya gyara zama. "Hajiya, in biya kowane wata don me? Ranar da kika kawo min mai saye kin kawo shi ke nan, wata mai zuwa ba sai kin sake kawo min shi ba." Ƙananan masu kaya kuwa, biyar na kira, huɗu suka ce in cire kayansu kawai idan haka ne. Idan ƙananan suka fita, matan ba za su samu mai sayar musu da kwalba hamsin-hamsin ba, su ma su watse.

Na goge layi na biyu a allo da tafin hannu.

Alhamis, 11 ga Satumba

Kuɗi ya shigo! Talla. Wani sabon mai murafai ya biya na mako biyu kayansa su fito a sama. Ba su da yawa, amma Injiniya ta ɗauki hoton saƙon bankin. Mun sayi lemo biyu masu sanyi.

Na fara rubuta abin da masu kira ke tambaya, don in gane yadda zan rage su. Cikin kira ashirin da shida, goma sha tara tambaya ɗaya ce da baki daban-daban: "Anti, wannan murfin zai hau wannan kwalbar?" Ni kuma kullum amsata ɗaya: ku duba lambar faɗin baki, idan ta zo ɗaya zai hau. Me ya sa suke kira na alhali suna da lambar wayar mai kayan? Shi ba zai faɗa musu ba ne?

Talata, 16 ga Satumba

Ranar da ba na so in rubuta.

Mai Sabulu ta zo ofis da kanta. Tsohuwar mai saye ce, tun watan farko take tare da mu, marayu uku take riƙo da sana'ar nan. Ta sayi kwalba dubu biyu wurin Alhajin Robobi, murfi dubu biyu wurin sabon nan da ke sama. Duka lamba ashirin da takwas. Ta cika ɗari huɗu, ta loda a mota za ta kai wa wani otal. Kafin su isa sabulu ya jiƙa kwalaye, ya malale har ƙarƙashin kujerun direba. Otal ɗin ya ce ta dawo ranar Talata mai zuwa da kaya masu kyau ko su nemi wata.

Ta ajiye kwalba ɗaya a teburina, sai santsi take. Na buɗe baki na ce, "Yaya, ai mu haɗa ku kawai muke yi." Wallahi da kunnena na ji muryata, na tsani kaina.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "To da kuka sa shi a sama, ba cewa kuka yi shi ne mai kyau ba?"

Ashe haka suke karanta shi. Mu muna cewa talla, su suna ganin mu muka zaɓa musu. Lemon nan na ranar Alhamis har yanzu yana min ɗaci.

Laraba, 17 ga Satumba

Mai murafai ya ce kayansa ƙalau suke, laifin kwalba ne. Alhaji ya ce kwalbarsa ƙalau take, laifin murfi ne. Abin haushi, kamar duk gaskiya suke faɗa.

Mun yini a kai. Injiniya ta auna bakin kwalbar da ma'auni, ashirin da takwas cif. Murfin ma haka. Ya murɗu lafiya, ya ɗaure tamau. Na zuba ruwa na kife ta a kan takarda, ko ɗigo. To ta ina sabulun ya bi? Na girgiza, na matsa, na leƙa da fitilar waya. Injiniya ta ce na koma kamar mai duba. Abin ya hana ni cin abincin rana, ba don tausayi kaɗai ba, so nake in sani.

Injiniya ta cire tallan mai murafai daga sama. Za mu mayar masa da kuɗinsa. Allon ya koma fari fes, saura kwana goma sha uku.

Asabar, 20 ga Satumba

Na kai wa Baba kwalbar. Na ce wata ƙawata ce ta ba ni, ya kalle ni ta saman tabarau, bai tona ni ba.

Bai auna komai ba. Ya kai ta kusa da kunne ya murɗa murfin a hankali. Ya kwance, ya sa babban yatsa a ciki. Ya ce in miƙo igiya. Ya zaro murfi biyu masu kama ɗaya ya ajiye su gefe da gefe a tafin hannunsa, sai na ga ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo, bai fi kaurin farce biyu ba.

"Faɗinsu ɗaya, tsayinsu ba ɗaya ba. Kwalbar nan gajeren wuya gare ta, murfin kuma na mai dogon wuya ne. Ƙasansa ya riga ya dira a kafaɗar kwalba kafin cikinsa ya danne bakin. Hannu zai ce miki ya ɗaure, ƙarya yake." Na ce ai na kife ta ba ta ɗiga ba. Ya yi dariya. "Wa ya ce miki a kife kaya ke tafiya a mota? A kwance suke, cikin zafi." Ya sa na cika ta da ruwa na kwantar a rana. Kafin mu gama shan shayi siminti ya jiƙe.

Ikon Allah. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa kamar 'yar shekara bakwai, na yi ta tambaya. Na ce, Baba, da kake haɗa mutane, ba sa tsallake ka su koma ciniki su biyu?

"Suna tsallakewa mana. Sau ɗaya."

Ya ce bai taɓa ɓoye wa kowa shagon kowa ba, har rakiya yake yi. Kuma bai taɓa karɓar la'ada ranar ciniki ba, sai kaya sun kwana uku a hannun mai saye bai yi kuka ba. Idan ya yi kuka, shi ne zai je ya tsaya a ƙofar mai kaya har a canza. "Haɗa mutane ai ko mai gadin kasuwa zai haɗa ku, Uwata. Ni abin da ake biya na, akwai wanda za a kira."

Na ce ko zai ara min igiyar kwana biyu. Ya ce tana nan inda take, ba ta da aikin yi.

Litinin, 22 ga Satumba

Awa uku na yi a siton mai murafai. Da farko ya yi biris da ni, ya bar ni tsaye yana waya. Na ja kwali na zauna a bakin ƙofa, na cika kwalba biyu, ɗaya da murfinsa ɗaya da gajere na igiyar Baba, na kwantar da su a rana inda duk mai shigowa zai gani. Masu saye suka fara tsayawa suna tambaya me ake yi. Ni kuwa na yi ta bayani da murmushi.

Ashe yana da gajerun a can ciki, shi kansa bai san sun bambanta ba, duk ashirin da takwas yake kiransu. Da tasa ta fara ɗiga sai ya tsuguna yana kallo, ya ce, "Kai! Shi ya sa ake ta dawo min da kaya." Ba macuci ba ne, rashin sani ne irin nawa. Ya canza dubu biyun duka.

Wani dattijo mai ɗaukar kaya ya ga igiyar a hannuna ya ce, "Wannan ai na san mai ita. 'Yarsa ce ke?" Na ce eh. Ya ce in gaishe shi da kyau. Na ji wani iri, amma ba kunya ba ce.

Talata, 23 ga Satumba

Otal ya karɓi kayan Mai Sabulu. Da yamma sai ga kuɗi ta turo, ban roƙa ba. Na kira in ce ta bari. Ta ce, "Na tsayuwarki ne, ƙanwata. Idan kin mayar kin zage ni."

Laraba, 24 ga Satumba

Mun yi faɗa da Injiniya, na farko tun muna makaranta. Na ce wannan shi ne abin da za su biya. Ta ce ita shafin intanet ta gina ba rumfar kasuwa ba, ko zan zagaya sito ɗari da igiya duk safiya? Na ce idan ta kama. Ta yi tsaki ta fita sayen ruwa, ta daɗe.

Ta dawo ta ɗauki igiyar tana juyawa. Ta ce, "Ba sai kullum ba. Kowace kwalba sau ɗaya za ki gwada ta da kowane murfi, ni in koya wa shafin. Duk wanda ya zaɓi kwalba, murafan da suka hau ta kawai zai gani."

Muka tsara: kayan da na gwada za su ɗauki alamar "An gwada". Mai saye da ke son mu tsaya masa zai biya ta shafin, da ƙarin uku cikin ɗari. Kuɗin ba zai isa hannun mai kaya ba sai kaya sun kwana uku. Idan sun ɗiga, tsayuwar tawa ce. Lambar waya kuwa a bar kowa ya rubuta tasa ɓaro-ɓaro, Alhaji ya huta da jera murafai.

Ta ce, "Kin san sunan wannan uku cikin ɗarin ko?" Na ce kaso. Ta ce hmm.

Sharaɗinta: mutum goma su zaɓi biya kafin talatin. Idan ba su kai ba, kada in riƙe ta a rai.

Juma'a, 26 ga Satumba

Kwana biyu ina kwantar da kwalabe a rana. Barandar ofis ta zama kamar wurin shanya, maigidan bene ya leƙo sau biyu. Na gano murfi iri huɗu duk ana kiransu ashirin da takwas. Huɗu! Wa ya fara wannan rikicin, kuma me ya sa ba wanda ya taɓa gyarawa?

Waɗanda suka biya: biyu. Ɗaya Mai Sabulu ce, don haka ban san ko a ƙirga ta ba.

Litinin, 29 ga Satumba

Bakwai. Saura uku, gobe talatin. Na kusa kiran ƙanwar mijina in ce ta saya ko kwalba ashirin ne, na ajiye wayar.

Talata, 30 ga Satumba

Takwas. Na iso ofis da wuri na share, na goge teburinta, ban san dalili ba. Na shirya abin da zan ce: na gode, Allah ya sa ki ji daɗin wurin, kada ki damu da ni.

Ta shigo ta ajiye jaka ta ce in zo in ga wani abu. Ta bi takwas ɗin ɗaya-ɗaya. Shida daga ciki sun taɓa saye wurin mai kayan a baya, suna da lambarsa, wasu har gidansa sun sani. Duk da haka suka zagayo ta wurinmu suka ƙara uku cikin ɗari. Biyu ma Alhajin Robobi ne da kansa ya ce musu su bi ta shafin, wai ya gaji da rigimar dawo da kaya.

Na ce amma ba su kai goma ba. Ta ce ta iya ƙirga. Ta ce tun jiya da rana ta tura wa kamfanin cewa ta gode, ba za ta zo ba. Sai ta ce in daina tsayuwa a kanta kamar sanda, in miƙo sauran murafan ta ɗauki hotonsu.

Na koma banɗaki wurin famfon nan. Wannan karon na yi kukana sosai.

Asabar, 4 ga Oktoba

Na sa Injiniya ta cire layin nan na saman shafin. Rubutu ne ya yi yawa a wurin, a ƙaramar waya ba ya fitowa da kyau. Ba wani abu ba.

Shekaranjiya wata ta kira, sabuwa ce, ta ce, "Don Allah ke ce dillaliyar kwalabe?" Na ce eh, ni ce, me kike nema. Sai da na ajiye wayar na ga Injiniya ta rufe baki da hannu.

Na je gida da 'yar ambulan, rabon Baba daga kuɗin farko da muka samu. Ya riƙe bai buɗe ba. Ya ce, "Kayan sun kwana uku?" Na ce sun kwana bakwai. "Ba wanda ya yi kuka?" Na ce babu. Sai ya sa a aljihu, ya ce la'ada ta yi kyau, ni kuma ban gyara masa kalmar ba.

Na ciro igiyar zan mayar a ƙusa, ya ga na ƙara murfi uku sababbi a ƙarshe. Ya sa tabarau ya daɗe yana juya su. Ya ce hudar tawa ta karkace, a tsakiya ake yi, da ƙusa mai zafi. Ya miƙo min ita.

Tana cikin jakata. Jibi da safe akwai sito biyu da zan je.